Ra'ayinmu: Ƙuraje da 'Yar Kwalbar Man Ƙamshi

Duk shekara idan bazara ta kankama, daga tsakiyar Maris har faɗuwar ruwan farko, da wuya a sami gidan da ba a susa. Yara su kwana suna juyi, wuya da gadon baya sun yi rututu da ƙurajen zafi. Da hunturu kuma fata ta bushe ta yi furu-furu, mai kirci ya rasa inda zai sa kansa. A da, abin da uwa ke miƙa hannu ta ɗauko sananne ne: hoda, ko ruwan kalamin, ko man kaɗanya, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a nufi kemis. Yanzu an yi baƙuwa a gaban madubi, wata 'yar kwalba mai duhu da ba ta fi tsawon babban yatsa ba, mililita 10 ko 15, da ɗan bakin ɗigawa. Masu sayarwa na ce mata esenshiyal, mu kuwa a nan za mu ce man ƙamshi. Tana shagunan kayan kwalliya, tana yawo a WhatsApp da TikTok da hoton fata kafin a shafa da bayan an shafa, tare da maganar da ke rufe bakin mai tambaya: "Hajiya, ai daga tsiro aka yi shi, babu kemikal ko kaɗan."

Da a kwalliyar manya abin ya tsaya, da mun bar wa kowa zaɓinsa. Ya kai ga jikin jarirai, shi ya sa muka zauna muka auna.

Kalmar "mai" ce ta fara rikita lissafi. Man gyaɗa, man riɗi, man kwakwa, man zaitun da man kaɗanya duk maiƙo ne, matsewa ake yi ko dafawa, ana ci, ana lakuta da tafin hannu a shafa. Man ƙamshi wani abu ne dabam. Ganye ko fure ko ɓawon itace ake zubawa a tukunya a tura masa tururi, tururin ya kwaso sinadaran da ke ba tsiron ƙamshinsa, a sanyaya, a yaɗe ɗan abin da ya taso a saman ruwa. Na dangin lemo ne kawai akan matso daga ɓawo. Alhazan da suka taɓa leƙawa Ɗa'ifa lokacin furen wardi sun ga yadda ake yi, kuma sai an dafa fiye da tan uku na fure kafin a sami kilo guda na man wardi. Ke nan ɗigo ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya taɓa tauna kanumfari saboda ciwon haƙori ya san yadda yake ɗaure harshe. Man kanumfari shi ne wannan ɗaurin an tattara shi wuri guda, mafi yawansa sinadari ɗaya ne mai suna yujinol, kuma zallansa na iya ƙona fata. Batun "babu kemikal" kuwa zancen kasuwa ne. Kwalbar cike take da kemikal, bishiya ce dai ta harhaɗa su maimakon ma'aikata.

Duk da haka ba mu cikin masu yi wa abin dariya, don masu yabonsa ba da hannu biyu suka zo ba. Sana'ar tace ƙamshi tsohuwa ce, Al-Kindi ya yi rubutu a kanta a Bagadaza tun ƙarni na 9. A zamanin nan wani masanin sinadarai Bafaranshe, René-Maurice Gattefossé, wanda ya ƙone a wurin aikinsa a 1910 ya kuma yi jinyar ƙunar da man labanda, shi ya wallafa littafin da ya raɗa wa wannan hanyar magani suna a 1937. A Ostareliya, Arthur Penfold ya nuna tun shekarun 1920 cewa man bishiyar da ake kira ti-tiri na kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Sunan na iya ruɗar mutum, don bishiyar ba ta haɗa komai da ganyen shayi ba.

Shi wannan ti-tiri ne ya fi kowane man ƙamshi samun gwaji a jikin mutane, kuma ya ɗan fita kunya. A 1990 likitoci a Ostareliya suka gwada shi a kan mutum 124 masu ƙurajen fuska, a haɗin da ke ɗauke da kashi 5 cikin 100 na man, suka kwatanta da maganin asibiti benzoyil feroksaid. Duka biyun sun rage ƙurajen. Ti-tiri ya fi jinkiri, amma ya fi sauƙin raɗaɗi da bushewar fata. A 2002 aka gwada sabulun wanke kai mai kashi 5 cikin 100 a kan mutum 126 masu amosanin kai: waɗanda suka yi amfani da shi sun sami sauƙin kashi 41 cikin 100, waɗanda aka ba sabulun da babu man a ciki kashi 11. Wannan hujja ce, ba a share ta.

Sai dai a duba gwajin cin ruwa na tsakanin yatsun ƙafa, don a nan darasin yake. A 1992 aka raba mutum 104 gida uku. Waɗanda aka ba haɗin ti-tiri mai kashi 10 cikin 100 sun ji sauƙin ƙaiƙayi da tsagewa kamar waɗanda aka ba maganin asibiti. Da aka kankaro fatar aka duba, ƙwayar cutar ta mutu a kashi 85 cikin 100 na masu maganin asibiti, a masu ti-tiri kashi 30 kacal, wato bai yi wa man da babu magani a cikinsa nisa ba, mai kashi 21. Mutum ya ji daɗi, cutar na nan kwance. Sai da aka ɗaga ƙarfin man zuwa kashi 50 cikin 100 a wani gwajin na 2002 sannan ya kashe ƙwayar a kashi 64 cikin 100, kuma a wannan ƙarfin wasu daga cikin masu gwajin fatarsu ta ɓaci.

Akwai kuma dalilin da ya fi na ɗakin gwaji kusa da gida. Likitocin fata a ƙasar nan ba su da yawa, akasarinsu suna asibitocin koyarwa na manyan birane. Mai ƙaiƙayi a ƙauye kemis ya sani, shi kuma mai kemis sau da yawa abu ɗaya yake miƙowa ko mene ne ciwon: ɗan bututun nan mai haɗi uku, wanda a cikinsa akwai sitiroyid mai ƙarfi. Kwana biyu ƙaiƙayi ya lafa, mutum ya yi ta sa albarka. Wata biyu makero ya bazu ya canza kama, fata ta yi siriri, nankarwa ta fito. Irin waɗannan mayuka ne suka koma kayan bilicin, annobar da hukumar NAFDAC ta ayyana a matsayin lamarin gaggawa na lafiya a Fabrairun 2023. Matar da ta ga abin da bututun kemis ya yi wa ƙanwarta, ta ce ita dai a ba ta na tsiro, ba wauta ta yi ba. Tsoronta na da tushe. Abin da muke jayayya da shi shi ne mafakar da ta zaɓa.

Matsala ta farko tana cikin kalmar "ƙuraje" kanta. Ƙuraje ba sunan cuta ba ne, alama ce, kamar zazzaɓi. Kakanninmu ma ba su haɗe su wuri guda ba, shi ya sa harshen ke da ƙazuwa, makero, ƙora, kyasbi, kirci, borin jini, ƙyanda da ƙarambau, kowanne da sunansa. Ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani ke haƙa rami a cikin fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci fiye da mutum miliyan 200 na ɗauke da ita, kuma maganinta sai an shafe jiki duka da fametirin ko benzil benzowet, ko a sha aibamektin, a yi wa kowa a gidan ko a tsangayar rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa. Ɗiga man ƙamshi a inda ke ƙaiƙayi ba zai taɓa ƙwaron da ke jikin ɗan'uwan da kuke kwana tabarma ɗaya ba. Ƙorar da ke cinye gashin kan yara tana cikin saiwar gashi, inda abin shafawa ba ya isa, sai an sha ƙwaya irin girisofulbin na makonni shida zuwa takwas. Farin tabon da aka ɗauka kyasbi ne, in an taɓa shi mai shi bai ji ba, yana iya zama farkon kuturta, wadda maganinta kyauta ne kuma idan an fara da wuri ba ta kai ga yatsu.

Bazarar da ke kawo ƙurajen zafi ita ce kuma lokacin ƙyanda da sanƙarau. Ƙyandar biri ta sake ɓulla a Nijeriya tun Satumban 2017. Akwai kuma ƙurajen da ke biyo bayan shan magani irin su Septrin ko Fansidar, waɗanda kan fara kamar wasa, sannan leɓe da ido su kwailaye, fata ta saluɓe. Kwalba ɗaya da aka rubuta mata "maganin ƙuraje" ta yi wa duk waɗannan kuɗin goro. Ko da man bai cutar da kowa da kansa ba, kwana ukun da aka ɓata ana jiran ya yi aiki su ne asarar.

To kuma yana cutarwa. Lafiyayyar fata katanga ce. Fatar da ke da kirci ko aka sosa har ta fashe, bango ne da ya tsage, ƙadangare kuwa nan yake samun wurin shiga. Sinadaran man ƙamshi ƙanana ne, suna ratsawa, kuma da yawansu na cikin waɗanda aka fi sani da sa jiki ya yi bori. Tun 2005 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta sunayen sinadaran ƙamshi 26 a jikin kayan shafa saboda wannan dalili, a 2023 ta ƙara wasu 56. A cikin jerin akwai linalul na labanda, limonin na ɓawon lemo, yujinol na kanumfari da sinamal na girfa, wato ainihin abin da ke cikin kwalaben da ake tallata mana. Yadda borin ke zuwa ma da ban haushi. Ranar farko lafiya lau, mako na biyu lafiya lau, jiki na nan yana haddace sinadarin. Wata rana a shafa kamar kullum, wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗuri ruwa. Matan da suka taɓa yin baƙin lalle sau da yawa ba komai, rannan hannu ya tashi, sun san wannan labari. Kuma in jiki ya riga ya haddace, yawanci ya haddace ke nan har abada, daga nan har sabulu da turaren da ke ɗauke da sinadarin sai an guje su.

A daidai nan ne ake faɗin maganar da ta fi kowace ɓata mana rai. Mai saye ta aika da hoton fatar da ta ƙara lalacewa, a ba ta amsa da cewa, "Kada ki damu 'yar'uwa, cutar ce ke fitowa, ki ci gaba da shafawa." Babu wata cuta da ke fitowa. Fata ce ke kuka, ana ƙara mata abin da ya sa ta kukan. Wannan amsa tana da wayo, don ta toshe kowace ƙofa: in an warke man ne ya yi aiki, in an ƙara lalacewa ma man ne ke aiki. Mai sayarwa ba ya taɓa faɗuwa. A shekarar 2000 wasu masu bincike a Ingila suka gwada tausa ga yara takwas masu kirci, wasu da man ƙamshi wasu babu. Duka sun ji sauƙi daidai wa daida, abin da ke nuna tausar da kulawar uwa ne suka yi aikin, sannan da aka ci gaba da man ƙamshin, kircin ya ƙaru. Yara takwas ba su isa yanke hukunci ba, mun yarda, amma ba a kawo wani babban gwaji da ya nuna akasin haka ba.

Yanayinmu ma ba ya taimakawa. Labanda, ti-tiri da man lemo, idan iska da zafi da haske suka daɗe suna bugun su, sinadaransu na rikiɗewa su zama waɗanda suka fi tayar da bori. Kwalbar da ta yi wata shida a shagon kwano, ko a gaban mota cikin zafin Afrilu, ba ita ce wadda ta baro ma'aikata ba. Ga kuma rana. Man bagamot da na lemon tsami da aka matso daga ɓawo suna ɗauke da sinadarin da, in rana ta doki inda aka shafa, sai wurin ya ƙone kamar an ɗora garwashi. Ƙungiyar masu harhaɗa turare ta duniya ta ƙayyade bagamot a kashi 0.4 cikin 100 a duk abin da zai zauna a fata, wato bai cika ɗigo ɗaya a ƙaramin cokali biyu ba. A baƙar fata irin tamu, ƙuna na warkewa ta bar baƙin tabo na watanni, wani lokaci shekaru. Wadda ta sayi man lemo don ta goge tabo, garin neman gira ta rasa ido.

A kan jarirai kuwa ba mu da sassauci. Fatar jariri siririya ce, kuma in aka kwatanta da nauyinsa tana da faɗi, don haka abin da aka shafa masa ya fi saurin isa jini. Kafur da man bishiyar turare an sha samun su da jawo wa yara jijjiga. Man na'a-na'a kusa da hancin jariri na iya tsayar masa da numfashi. Man wintagirin, mai ƙamshin maganin ciwon gaɓoɓi, ƙaramin cokali guda nasa ya kai ƙarfin ƙwayar asfirin ta manya kusan 20, kuma yaro mai rarrafe ba ya tambaya kafin ya kai kwalba baki. Ba sai mun je Turai neman hujja ba. A 1980 likitocin yara biyu a Legas, Olowe da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, sun ba da rahoton cewa jarirai masu ƙarancin sinadarin jini na G6PD da aka barbaɗa musu hoda mai mantol a cibiya sun fi kamuwa da shawara mai tsanani. Wannan ƙaranci ruwan dare ne a tsakanin 'ya'ya maza a Afirka ta Yamma, kuma iyaye ba su cika sanin ɗansu na da shi ba.

Wani zai ce, to habbatus sauda fa? Muna girmama matsayinta a wurin jama'armu, kuma man nata ba irin na tururi ba ne, matsowa ake yi. Amma girman abu ba ya ɗauke wa mutum lura da yadda zai yi amfani da shi. A 2018 likitocin fata a Faransa sun wallafa labarin mata uku da fatarsu ta saluɓe sosai bayan shafa man. Ƙarara ma tsiro ce, haka tumfafiya, haka ƙwallon kashu da yara ke rubuta suna da shi a hannu ya bar tabo.

Abin ban dariya, in da dariya a ciki, shi ne inda hujjar ta fi ƙarfi ga mai busasshiyar fata ba a 'yar kwalbar take ba, tana man da ake sirka ta da shi. A 2014 aka wallafa wani gwaji daga Filifin kan yara 117 masu kirci: bayan makonni takwas, man kwakwa zalla ya rage tsananin ciwon da kashi 68 cikin 100. Ko a nan ma ba kowane mai ba ne, don wani ƙaramin gwaji a Shafil ta Ingila a 2013 ya nuna man zaitun na raunana katangar fata. Man kaɗanyar da kakanninmu ke shafa wa yara bayan wanka, ko basilin marar ƙamshi, suna yin aikin riƙe laima ba tare da an ɗora wa fata sinadaran ƙamshi ba. Sau da yawa mai yabon ɗigo biyun labanda, cokalin man kaɗanyar da ya zuba su a ciki ne ya warkar da shi.

Hukuncinmu shi ne man ƙamshi bai cancanci zama abin farko da za a kai wa ƙuraje ba. Ga jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara uku, ga fatar da ta fashe ko take tsatsar ruwa, ga kirci, ga duk ƙurajen da ba a san sunansu ba, amsarmu a'a ce. Ƙurajen zafi ba su buƙatar fiye da wanka da ruwa mai sanyi, rigar auduga marar kauri, inuwa da kalamin, kuma laɓta musu kowane irin mai toshe hanyar gumi yake yi. Ƙurajen da suka zo da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko gyambon baki da ido, ko kumburin fuska da sarƙewar numfashi, ko bayan fara sabon magani, asibiti za a nufa a ranar.

Mun bar ƙofa ɗaya, ƙarama. Babban mutum da ya san abin da ke damunsa, ƙurajen fuska marasa yawa ko amosanin kai, yana iya gwada ti-tiri, kuma gara ya sayi haɗaɗɗen sabulu ko man da aka rubuta ƙarfinsa a jiki da ya zauna yana ɗige-ɗige a ɗaki. In ya nace sai ya haɗa da kansa, ɗigo ɗaya a ƙaramin cokalin man kwakwa ko narkakken man kaɗanya ya ba da kusan kashi 1 cikin 100, daga nan ake farawa. Ruwa ba ya sirka shi, yawo kawai zai yi a sama ya manne a fata da cikakken ƙarfinsa. A fara shafawa a cikin damtse na kwanaki kafin a kai fuska. In ya yi ja ko ƙaiƙayi ya ƙaru, a wanke a daina, ko me mai sayarwa ya ce.

Sauran aikin na hukuma ne. A Satumban 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa manyan kamfanonin man ƙamshi biyu, doTERRA da Young Living, takardar gargaɗi saboda dillalansu na tallata man a matsayin maganin cututtuka, har da Ebola. Wanda ya ce kayansa na warkar da ƙazuwa ko makero, magani yake sayarwa, ya kamata NAFDAC ta riƙe shi da dokar magani, ko a shago yake ko a waya. Muna so a ga sunan tsiron, ranar da aka tace, ƙa'idar sirkawa da gargaɗin yara a jikin kowace kwalba, da Hausar da uwa za ta iya karantawa. Bututun sitiroyid ma ya kamata a daina miƙa shi kamar alewa, don shi ya fara koro mutane zuwa ga 'yar kwalbar.

Jihohi kuma ba sai sun jira samun likitan fata a kowace ƙaramar hukuma ba. A yankin Bamako na Mali an tara ma'aikatan ƙananan asibitoci kusan 400, aka koya musu yadda za su bambance 'yan cututtukan fatar da suka fi yawa, irin su ƙazuwa, makero da ƙuraje masu mugunya, da maganin kowanne. Rahoton da ya fito a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005 ya nuna marasa lafiyar da aka gane ciwonsu aka kuma ba su maganin da ya dace sun tashi daga kashi 42 zuwa kashi 81 cikin 100, kuɗin maganin da ake rubuta musu kuma ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Horon na kwana ɗaya ne.